Na karɓi makullin 350Z ta hannu, ta ina zan fara?

Sabon_Direba
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara da shekaru ina ganin irinta a titi ina bin ta da ido har ta ɓace, jiya Allah ya nufa na karɓi makullin Nissan 350Z ƙirar 2006, mai giyar hannu. Ta yi tafiyar kilomita 148,000 da ɗoriya, ni ne mutum na uku da ya riƙe ta. Wanda ya sayar min ya ce lafiyarta ƙalau, sabis kawai zan yi, amma bai ba ni takardar sabis ko ɗaya ba sai rasit na batir.

Tunda na koyi tuƙi ƙananan motoci masu jan gaba nake hawa. Wannan ce ta farko mai jan baya, kuma ban taɓa taka injin mai irin wannan ƙarfi ba. Na ware ɗan abin da zan kashe mata. Zuciyata ta fi karkata ga canza salansa don in ji muryar injin sosai, sannan in sauke ta ƙasa kaɗan. Amma na ce bari in tambayi waɗanda suka riga ni. Wanda ya taɓa riƙe motar gudu ta hannu, da me ya fara?

BabanHafsat
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya raba ka da tsautsayinta. Salansa ba za ta gudu ba, ka ajiye maganarta tukuna.

Injiniya_Sani
Barka da arziki ɗan'uwa. Motar da ta zo ba takarda, ka ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba. Ba wai na ce mai sayarwar ya yi ƙarya ba, mai yiwuwa shi ma abin da aka faɗa masa ya faɗa maka. Amma kai ne za ka zauna a cikinta, don haka lissafi daga kanka zai fara.

Duk wani abu mai ruwa-ruwa da ke jikinta a zubar a zuba sabo: baƙin mai da filtarsa, man giya, man aksil na baya, man birki, man kuloci, ruwan lagireto. A duba fulogi da filtar iska. Injin yana shan baƙin mai nau'in 5W-30, wajen lita 4.7 idan an canza har da filta. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a motar, duk abin da aka yi ka rubuta ranar da kilomitar. Nan da shekara biyu wannan littafin zai fi maka kowane bakanike amfani, ranar sayarwa kuma shi zai yi maka ciniki.

Abu na biyu ya shafi taka ita kaɗai. 350Z ba injin iri ɗaya ne a cikinsu duka ba. Na farko, VQ35DE, yana ba da ƙarfin doki 287. Ta 2006 mai giyar hannu da aka sayar a Amurka ta zo da wanda ake kira RevUp mai doki 300, sai 2007 aka kawo VQ35HR mai 306. Masu riƙe da RevUp sun daɗe suna maganar cewa wasu daga cikinsu suna shan baƙin mai fiye da ƙima. Ba kowanne ba ne. Hanyar sani ɗaya ce: bayan an zuba sabon mai, duk ranar da ka sha fetur ka tsaya a wuri mai daidai, ka kashe injin, ka jira mintuna, ka zaro geji ka duba. Ka yi haka har kilomita 3,000, za ka san halin naka injin.

Dan_Totur
Haba Injiniya, mutum ya sayi motar da ya daɗe yana mafarki, jiya-jiya, ka tare shi da jerin aiki kamar wanda ya sayi asibiti. Sabon_Direba, ka yi sabis ɗinka, amma ka sa salansarka. Rabin daɗin wannan motar a kunne yake. Injin nan mai silinda shida (V6) idan ya wuce juyi 4,000 a minti muryarsa daban ce, wanda bai ji ba ba zai gane ba. Salansa ta baya ba ta cutar da injin da komai.

BabanHafsat
Ba wanda ya ce tana cutarwa. Maganar ita ce kuɗin guda ɗaya ne, in ya tafi can ba zai zo nan ba.

Maman_Khalil
Ni duk ban ji an ambaci abin da ya fi ba ni tsoro ba. Taya.

Shekarun baya na sayi wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen rufi, mai jan baya, ƙarfinta bai kai rabin na taka ba. Tayoyinta in ka gani sai ka rantse sababbi ne, zanensu bai ci ba sam. Mako na biyu aka yi yayyafi, na shigo shataletale a giya ta biyu, gudun da ko yaro a keke zai iya bi na. Ina fita na ɗan taɓa totur, sai kawai na ga fitilun motar da ke bayana a gilashin gaba. Motar ta juya gaba ɗaya, ba ƙara ba komai, kamar an ɗora ta a kan sabulu. Na tsaya ina fuskantar inda na fito, injin ya mutu, hannuna yana rawa a kan sitiyari har na kasa murɗa makulli. Allah ya sa mutumin da ke bayana ya ba ni tazara.

Washegari wani dattijo mai gyaran taya ya durƙusa ya nuna min lambobi huɗu a gefen tayar. Shekararsu tara. Ya danna farcensa a jikin robar, ko alama bai bari ba, ta bushe ta zama kamar leda mai tauri.

Don Allah ɗan'uwa ka fita yanzu da tocila. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu ne. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai suke, sai ka leƙa ta ciki. Ka zo ka faɗa mana abin da ka gani.

Sabon_Direba
Hajiya na gode, jikina ya yi sanyi da labarin nan. Na fita na duba. Na gaba biyu 4119, na baya biyu 2314. Kuma kamfanin da ya yi na gaba daban, na baya daban.

Maman_Khalil
To ka gani. Na bayan nan a mako na 23 na 2014 aka yi su, kuma su ne ke ɗaukar duk ƙarfin injin. Kamfanonin mota da yawa suna cewa a canza bayan shekara shida, masu yin tayar kansu ba sa yarda a wuce goma ko da zanen bai taɓu ba. Na gaban ma sun tsufa. Ni da ni ce, ba zan fita da ita cikin ruwa ba har sai an canza.

Garba_Sitiyari
Ƙari a kan maganar Hajiya: tayoyin motar nan ba girmansu ɗaya ba. Mai ƙafa inci 18 yawanci 225/45 ne a gaba, 245/45 a baya. Ba a mayar da na gaba baya kamar yadda ake yi wa sauran motoci. Ka buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin, ita za ta faɗa maka girman da kamfani ya sa da iskar da za a ba su. Kar ka yarda wani ya ce maka "wannan ma zai shiga". Shiga daban, dacewa daban.

Sannan ka shafa tafin hannunka a gefen ciki na tayar gaba. In ka ji kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto, saitin ƙafa ya kauce. Na 2003 da 2004 aka fi sani da wannan, amma kowace in ta sha ramuka za ta yi.

Kawu_Isa
Kilomita 148,000 kuma ba takarda? Abu na farko shi ne bel na taimin. In ya tsinke injin ya tafi. Na ga wanda ya yi asarar injin ɗungurungum saboda wannan sakacin.

Injiniya_Sani
Kawu, shawararka daidai ce ga motoci da yawa, amma wannan injin sarƙa gare shi, ba bel ba. Ba a yi mata lokacin canji ba, baƙin mai mai tsabta shi ne abincinta. Abin da zai saurara shi ne ƙarar kacau-kacau idan ya tayar da sanyin safiya. Bel ɗin da ke waje masu juya altaneta da na'urar sanyaya iska, waɗannan kam a duba ko sun tsattsage.

Kawu_Isa
Na karɓi gyara, Allah ya ƙara sani. Amma ga wadda ba zan janye ba: kullum da safe ka tayar da ita ka bar ta ta yi minti goma tana aiki kafin ka motsa. Sama da shekara talatin ina yin haka, ban taɓa sauke injin ba.

Zee_Auta
Kawu, da girmamawa, wannan ta zamanin kafireto ce. Injin da kwamfuta ke ba shi mai ba ya bukatar haka. A tsaye ɗumi yake yi a hankali, fetur ɗin da ake ƙara masa lokacin sanyi yana wanke man da ke bangon silinda. Gara ka tayar, ka ɗaura bel, ka gyara madubi, ka tafi a hankali.

Kawu_Isa
'Yata, shekara talatin ba wasa ba ce.

Injiniya_Sani
Kawu, ina ganin abin da ya tsare maka injinka shi ne ba ka taɓa matsa masa da sanyi ba, kuma a nan kai da Zee kun haɗu. Abin da ke kashe injin motar gudu shi ne mutum ya fito daga gida ya kai allura 6,000 mai bai yi ɗumi ba. Kuma a lura, allurar zafin ruwa takan kai tsakiya tun kafin baƙin mai ya kai zafinsa. Sabon_Direba, a saman dashbod ɗinka akwai agogo uku a jere, ɗaya na matsin baƙin mai ne. Da sanyi za ka ga allurarsa a sama. Idan man ya yi ɗumi ya saki jiki, in ka tsaya a danja za ka ga ta sauko sosai. Sai a lokacin za ka buɗe mata wuta. Kafin nan kar ka wuce 3,000. Ka haddace inda allurar take zama a tsaye bayan doguwar tafiya, ka rubuta a littafin nan. Ranar da ta zauna ƙasa da nan, wani abu ya canza.

Sabon_Direba
Wallahi na ɗauka agogon nan ado ne. Wata tambaya: a murfin tanki an rubuta a zuba fetur mai babbar lamba. Wani abokina ya ce duk ɗaya ne, dabarar sayar da mai tsada ce.

Garba_Sitiyari
Ga motar da ba ta bukata, gaskiyarsa. Taka tana bukata. Matsin injin 10.3 ne a kan 1. In ka zuba mai ƙaramar lamba, fetur yana iya fashewa kafin lokacinsa, na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa ta ji, kwamfuta ta ja wuta baya don ta kare injin. Ba zai mutu yau ba, amma ƙarfin da ka saya ba shi kake tuƙawa ba, kuma cikin zafi da hawan tudu yana wahala. Lambar ma ta danganta da ƙasar da aka yi wa motar: 91 na Amurka ya yi kusa da 95 na Turai, ma'aunin ne ya bambanta.

Dan_Totur
A nan kam ina tare da Garba. Kuma tunda za a juye mai, a zuba maganin wanke injin tukuna, ya kwaso duk dattin shekaru.

Injiniya_Sani
Ni ba zan zuba ba. Injin da ba ka san cikinsa ba, in akwai dasƙararren datti, maganin zai ɓamɓaro shi gaba ɗaya ya je ya toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta ciki. Gara a zuba mai mai kyau a juye shi da wuri, sau biyu ko uku a jere, ya wanke a hankali.

Dan_Totur
Na yi wa motoci uku, ba abin da ya faru.

Zee_Auta
Wataƙila ukun duk cikinsu da tsabta. A buɗe murfin zuba mai a haska tocila, in ƙarfen yana sheƙi ruwan zinare, ba a bukatar maganin. In baƙi ne ƙirin da ɓawo, nan ne ma ya fi haɗari. Ko ta ina ka duba ban ga ranarsa ba.

Mai_Rotari
Ku gode wa Allah injinku fistin gare shi. Mu masu Mazda RX-8, wadda injinta rotari ne mai juyawa ba fistin, karatunmu daban ne. Injin rotari da gangan yake ƙona baƙin mai kaɗan-kaɗan don ya jiƙa bakin rotar, saboda haka galan yana but kullum. Kuma ba a tayar da shi da sanyi a matsar da mota taku biyar a kashe, fetur zai iya cika shi ya ƙi tashi. Duk mai son saye, gwajin matsin injin da na'urar da aka yi don rotari shi ne farko, kafin a yi maganar fenti. Abin da nake son faɗa wa mai tambaya shi ne kowace motar gudu tana da lagonta, kuma masu ita sun riga sun san shi. Masu tsohuwar Porsche Boxster maganarsu kullum boris ɗin IMS ne, wani boris da ke cikin injin. Ka nemi lagon taka ka sani tun kafin ya nemo ka.

Abu_Sadiq
Ni fa duk wannan wahalar ce ta sa na fi son mai giyar otomatik. Ka zauna ka taka kawai.

Dan_Totur
Subhanallah. Motar gudu ba kuloci? To me ya rage?

Abu_Sadiq
Gwiwata ta rage. Ka shiga cunkoso na awa ɗaya da kulocin Z ka dawo mu yi magana.

BabanHafsat
Jama'a mu dawo kan tambayar bawan Allah, ya riga ya sayi mai giyar hannu. Sabon_Direba, akwai aikin da ba na gareji ba. Lambar shasi tana da harafi da lamba 17, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka tabbata ita ce a takardunka harafi da harafi. In motar ta kasuwar Amurka ce, na goma a jerin zai zama 6, ma'ana ƙirar 2006. Da wannan lambar za ka iya bincika ko an taɓa kiran motar don wani gyara na kamfani, da ko an yi. Ka mayar da takardu sunanka da wuri. Inshora kuma ka faɗa musu gaskiyar motar, kuma duk abin da ka canza daga baya ka sanar da su. Mutane suna sauke mota ƙasa su yi shiru, ranar da aka yi karo sai a ce ba wannan motar aka yi wa inshora ba. Makulli nawa aka ba ka?

Sabon_Direba
Ɗaya, Alhaji.

BabanHafsat
To ka yi na biyu tun wannan yana hannunka. Akwai ƙwayar lantarki a cikinsa da sai an haɗa ta da motar, in ya ɓata ba ka da wani aikin ya ninka.

Maman_Khalil
Ina so in koma kan abin da ya faɗa tun farko wanda duk muka tsallake: bai taɓa tuƙa mai jan baya ba. Sabuwar taya rabin magani ce.

Mai jan gaba in ka yi mata yawa a kwana, hancinta ne ke zarcewa, kana ɗaga ƙafa ta dawo. Jikinka ya saba da wannan ba tare da ka sani ba. Mai jan baya gindinta ne ke fita, kuma abin da tsoro zai sa ka yi, wato ka cire ƙafa gaba ɗaya ko ka danne birki, shi ne zai iya ƙarasa juya ta, don nauyi ya koma gaba, baya ya yi sakayau. Ka gama birkinka tun motar tana miƙe, ka shiga kwana, kar ka ƙara wuta sai sitiyari ya fara dawowa. Idonka ya kalli inda kake son zuwa, ba abin da kake tsoron bugawa ba, hannu ido yake bi. Sauke giya ma haka: in ka dawo ta biyu da gudu ka saki kuloci farat ɗaya a jiƙaƙƙen titi, tayoyin baya za su iya riƙewa kamar ka ja birkin hannu. Ka ɗan taɓa totur kafin ka saki.

Ka duba ƙasan dashbod kusa da gwiwarka ko akwai maɓallin da aka rubuta VDC OFF ko TCS OFF, wato na kashe tsarin da ke taimakawa kar mota ta zame. Ba duka ne suka zo da shi ba, mafi ƙanƙantar daraja ba ta da ko ɗaya. In akwai, ka bar tsarin yana aiki, kar yatsanka ya je wurin.

Bayan abin da ya same ni na yi rajistar kwana ɗaya a wani filin koyon tuƙi da aka rufe, aka jiƙa kwalta, malami yana gefena. Na juya ya fi sau goma, ba abin bugawa sai robobin alama. Can wajen la'asar na fara jin lokacin da bayan ke shirin fita a ƙuguna tun kafin ido ya gani. Ban san wani abu da na saya wa mota da ya kai wannan ranar ba.

Dan_Totur
Hajiya, maganarki gaskiya ce, sai dai VDC yana katse wuta ko ba dalili. Wanda ya iya ba ya bukatarsa.

Maman_Khalil
Kwanansa biyu da motar, Malam.

Garba_Sitiyari
A ɗaga ta sama kafin a sayi komai. Awa ɗaya a ƙarƙashinta da fitila ta fi wata guda ana hasashe. A duba robobin hannayen ƙafar gaba, a duba robar da ke riƙe da akwatin aksil na baya, ruwa ne a cikinta, in ta fashe za ka ga baƙin zane ya gangaro, kuma za ka ji "ƙum" duk lokacin da ka canza giya. A duba shokazoba ko suna yoyo, a duba tsatsa, a duba ko akwai walda ko fentin da bai yi kama da sauran ba. Ranar da za a canza ruwan lagireto ka samu wanda ya san injin, yana riƙe iska a bututu, in ba a fitar da ita ba zafi zai tashi. Kai kuma kar ka taɓa buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, kar ka shiga ƙarƙashin mota jak ne kaɗai ke riƙe da ita.

Maganar sauke ta ƙasa: ka yi wata uku kana wuce tudun rage gudu da ita yadda take, a karkace, a hankali. Sannan ka sake tambayar kanka.

Sabon_Direba
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana tara. An ɗaga ta. Ba walda, ba tsatsar kirki, alhamdu lillahi. An juye baƙin mai, na giya da na aksil. Na aksil ɗin da ya fito warinsa ya cika garejin, kuma maganaɗisun da ke jikin kusar ya tara laka mai ruwan toka, bakaniken ya murza a yatsa ya ce gari ne ba ɓarɓashi ba, kada in damu. Man birki kuwa baƙi ne kamar tawada. Da aka zuba sabo aka fitar da iska, birkin ya dawo sama ya yi tauri, ashe da can lagwaf yake ban sani ba don ban san yadda ya kamata ya kasance ba. Robar aksil ta fashe kamar yadda Malam Garba ya ce. Maɓallin VDC yana nan, ban taɓa shi ba.

Sai dai shekaranjiya wutar cek injin ta kama. An sa na'ura ta nuna P0420. Motar ba ta canza tafiya ba.

Injiniya_Sani
Madalla da aikin birki. Man birki yana zuƙar danshi daga iska. Nau'in da ake kira DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, kuma in ya tafasa a gangara feda ƙasa za ta tafi. Duk shekara biyu ka canza. Kar a zuba maka DOT 5, wannan na silikon ne, ba ya haɗuwa da naka.

P0420 yana nufin kwamfuta ta ga katalis na ɓangare na ɗaya ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Fitowarta bayan kwana tara ba ta ba ni mamaki ba. In aka goge lambobi, ko aka cire batir, kwamfuta tana ɗaukar kwanaki ana tafiya kafin ta gama gwaje-gwajenta ta sake kunna wutar. Ka ce an ba ka rasit na sabon batir, don haka ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Ga masu karatu da ba su saya ba tukuna: ƙaramar na'urar OBD, wadda ake haɗawa da kwamfutar mota, tana nuna ko gwaje-gwajen sun kammala, ku duba kafin ku biya.

Dan_Totur
To ai ga shi nan, dole a taɓa bututun hayaƙi. Tunda za a kwance, a cire katalis ɗin a sa miƙaƙƙen bututu, a haɗa da salansar gaba ɗaya. Aiki ɗaya, murya ta fito.

Zee_Auta
A'a don Allah. Cire katalis laifi ne a ƙasashe da yawa, motar za ta faɗi gwajin hayaƙi, wutar cek ba za ta mutu ba, kuma wanda ke bayanka a danja shi zai shaƙa. Ba a ma tabbatar katalis ɗin ne ya mutu ba. Ƙaramin yoyon hayaƙi a mahaɗa ko tsohuwar na'urar auna iskar oksijin ta baya duk suna kawo wannan lambar.

Injiniya_Sani
Haka ne. Kuma akwai abin da nake so a haɗa: injin da ke ƙona baƙin mai yana kashe katalis a hankali. In aka sa sabo ba a san ko injin yana sha ba, shi ma haka zai bi. Sabon_Direba, geji fa? Kilomita nawa ka yi tun da aka juye, kuma ina man yake?

Sabon_Direba
Kilomita 410 kacal, don ba na fita in da hadari. Man yana kan layin sama, ban ga ya motsa ba.

Injiniya_Sani
Ya yi kaɗan a yanke hukunci. Ka ci gaba da dubawa, a wuri ɗaya, bayan jira iri ɗaya. A gwada yoyon hayaƙi yanzu tunda ba shi da wahala, sauran a jira geji ya yi magana.

Kawu_Isa
Ni dai har gobe ina ɗumama tawa da safe. Amma yaro ka saurari Hajiya kan taya.

Dan_Totur
Na yarda taya ta fara. Amma ka yi min alkawari in an gama duk wannan ba za ka bar ta da muryar kamfani ba. Ka ji ta sau ɗaya a cikin doguwar hanyar ƙarƙashin ƙasa, gilas a sauke.

Sabon_Direba
Ban fasa ba Malam, na dai ɗaga. Abin da ya rage a hannuna zai sayi taya huɗu masu matsakaicin daraja, ko biyu na baya masu kyau sosai tare da robar aksil, na gaba su jira wata biyu. Wanne za ku zaɓa? Kuma saitin ƙafa kafin a sa tayar ake yi ko bayan an sa?

Garba_Sitiyari
Bayan an sa, kuma bayan an canza duk wata roba ta ƙafa da za a canza, in ba haka ba sau biyu za ka yi. Ni huɗu iri ɗaya zan saya, robar aksil ƙara kawai take yi, za ta iya jira.

Maman_Khalil
Ni kuma ban yarda da matsakaiciyar taya a bayan wannan motar ba. Ka turo mana sunayen waɗanda aka nuna maka da abin da aka rubuta a kansu na riƙon jiƙaƙƙen titi, mu gani tukuna.